Kallon Batsa: Me Yake Yi Wa Mai Kallo, Kuma Me Ya Sa Rantsuwa Ba Ta Raba Shi Da Shi?

A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da ɗan majalisa Dalhatu Tafoki daga jihar Katsina ya gabatar, inda ta nemi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa kamfanonin intanet su toshe shafukan batsa a Najeriya. Daren da labarin ya fito, a teburin mai shayin da muke zama a Tudun Wadar Kaduna, gardama ta yi tsawo har mai shayi ya fara kife kofuna. Wani dattijo ya ce dama abin da ake jira ke nan, a toshe kowa ya huta. Wani mai Keke Napep ya yi dariya ya ce, “Baba, ai yaran nan sun fi mai toshewar sanin hanya.” Mai shagon da ke gefe kuwa ya yanke nasa hukuncin a taƙaice: duk yaron da aka kama da wannan abu a wayarsa a yi masa aure, magana ta ƙare.

Kowannensu akwai ƙamshin gaskiya a zancensa, amma dukkansu sun tsallake tambayar farko. Me kallon batsa yake yi wa mai kallo? Me ya sa mutum mai hankali, mai salla, wani ma da mata da 'ya'ya, zai rantse da asuba cewa ya daina, amma kafin sati ya zagayo ya koma? Cuta ce, ko sabo ne, ko lalacewar tarbiyya?

Hukuncin addini ba abin muhawara ba ne a nan. Aya ta 30 da ta 31 a Suratun Nur sun umarci muminai maza da mata su runtse idanunsu, maƙwabtanmu Kirista na Sabon Tasha da Barnawa kuma suna karanta irin wannan gargaɗi a Matiyu 5:28. Mai kallo ya san haramun ne tun kafin ya danna. Abin da ya gagare shi ganewa shi ne me ya sa sanin bai hana shi ba.

Batsa, sabo da jaraba: a raba su tukuna

Batsa a wannan rubutu tana nufin duk hoto, bidiyo, sauti ko rubutu da aka shirya musamman don tayar da sha'awa ta hanyar fito da tsiraici ko saduwa ƙarara. Da gangan na sa rubutu a ciki, saboda littattafan da ake sayarwa babi-babi a zaurukan WhatsApp, waɗanda mata ne suka fi karanta su, wasunsu ba su da maraba da bulu fim sai dai rashin hoto.

Kalmar jaraba ce ke rikita mu. Bahaushe yana kiran mai yawan sha'awa jarababbe, yana kuma cewa jarabar taba ta kama wane. Abu biyu ne daban aka zuba a ƙwarya ɗaya. Yawan sha'awa halitta ce. Kasa barin abin da mutum ke son bari kuwa matsala ce ta daban.

Su ma likitoci sun daɗe suna ja-in-ja a kan haka. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ƙi sanya wannan matsala cikin kundinta na cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sanya ta a sabon kundinta, ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, a matsayin larurar kasa riƙe kai a sha'anin jima'i. Sharuɗɗan da ta gindaya masu tsauri ne: mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa har wata 6 ko fiye, abin ya mamaye rayuwarsa har yana sakaci da lafiyarsa da aikinsa da iyalinsa, kuma ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, ko da ma ya daina jin daɗin abin. Hukumar ba ta ajiye ta a layin jarabar ƙwaya da caca ba. Ta kuma ƙara da cewa damuwar da ta taso daga jin an saɓa wa aƙida kawai ba ta isa a ce mutum yana da larurar ba.

Ke nan ba duk wanda ya kalla ne mara lafiya ba. Akwai wanda ya yi tuntuɓe da shi ya wuce, akwai wanda ya mayar da shi sabo, akwai kuma wanda abin ya ɗaure shi tamau. Na ƙarshen nan su ne 'yan kaɗan, amma na tsakiyar ma akwai abin da yake biya, kamar yadda za mu gani.

Yadda abin ya shigo aljihu

Mu da muka tashi a zamanin kaset mun san wahalar da ke tsakanin yaro da irin wannan kallo. Sai an samu na'urar bidiyo, an samu talabijin, NEPA ta kawo wuta, falo ya zama babu kowa, sannan a samu mai ƙarfin halin da zai tsaya gaban mai shagon haya ya buɗe baki ya tambaya. Kunya ce mai gadi, kuma tana aikinta. Wayar salula ta shigo a 2001, sannan memori da Bluetooth suka biyo baya, har ta kai wasu daga cikin masu tura fina-finai a shagunan caji suna da wani ɓoyayyen fayil da sai wanda ya san kalmar tambaya ake buɗe wa. Yanzu ko wannan ɗan tsayuwar ma babu. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da araha, daidai lokacin da gida ya yi tsit.

Tun a 1998 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Al Cooper, ya ce abu uku ne za su sa intanet ta sauya wannan lamari: samuwa a kowane lokaci, araha, da kuma ɓoyuwar mai kallo. A lokacin da ya faɗi haka babu wayar da ke nuna bidiyo a tafin hannu. Zukatan yaran yau ba su fi namu lalacewa ba. Katangar da ta kare mu ce ta faɗi.

Kwaɗayi daban, daɗi daban

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin. A soshiyal midiya ana yawan kiransa sinadarin jin daɗi, amma wannan suna bai dace da aikinsa ba. A shekarun 1990 wani masani, Wolfram Schultz, ya yi gwaji da birai. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato, ƙwayoyin dofamin sai su motsa. Da aka saba kunna wata alama kafin a ba shi, sai motsin ya bar lokacin shan ya koma lokacin ganin alamar. Wato dofamin ɗan aike ne mai cewa “ga abu can, tashi ka nema.” Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban mai tsire da magariba ya ji yawunsa ya tsinke tun bai taɓa aljihu ba, ya san wannan ɗan aike.

Ga mai kallon batsa, alamun su ne kashe fitila, rufe ƙofa, kwanciya da waya a hannu, shirun bayan sha biyun dare. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta haɗa waɗannan da abin da ke biyo bayansu, har ya zama kwanciyar kanta ce ke tayar da neman, ba tare da mutum ya yi niyyar komai ba.

Daga nan sai Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Mishigan suka nuna, tun daga 1993, cewa hanyar da ke sa a nemi abu a ƙwaƙwalwa daban take da hanyar da ke sa a ji daɗinsa. Hausa ta riga ta raba su: akwai kwaɗayi, akwai daɗi. Kwaɗayi yana iya ƙaruwa alhali daɗi yana tsaye ko yana raguwa. Mai shan taba da ke tari yana zagin karan da ke hannunsa, amma yana kunna wani, shaida ne. A 2014 Valerie Voon ta Jami'ar Kambirij ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 19 masu wannan matsala ta kwatanta da wasu 19 da ba su da ita. Da aka nuna musu bidiyon batsa, sassan da ke motsawa a ƙwaƙwalwar mashaya ƙwaya idan sun ga kayan shansu sun fi motsawa a rukunin farko. Sun ce sun fi jin kwaɗayin abin, amma ba su fi sauran jin daɗinsa ba. A ganina wannan shi ne bayani mafi amfani a duk fagen nan, domin shi ne ke amsa tambayar mutumin da ke cewa “ni fa ba na ma son abin, amma ina komawa.”

Sai kuma batun sabon abu. An gwada a ɓeraye da raguna: namijin da ya gaji ya kwanta, idan aka kawo masa sabuwar mace sai ya miƙe. A rayuwa ta zahiri sabon abu yana da iyaka. A waya ba shi da ita. Shi ya sa masu wannan sabo da yawa ke ba da labarin cewa ba kallon ne ke cinye musu dare ba, neman ne: a buɗe wannan, a tsallake, a buɗe wancan, ko na gaba zai fi. B. F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi ɗaure dabba a kan aiki fiye da ladan da ke zuwa a kan ƙa'ida. Dabarar da ke riƙe matasa a shagunan cacar ƙwallo ke nan, ita ce kuma ke riƙe babban yatsa a kan gilashin waya.

Niko Tinbergen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya gano cewa wasu tsuntsaye suna barin ƙwansu na gaske su hau kan ƙwan roba idan ya fi girma. Ba wauta ba ce, halittarsu ce ta “ƙwai babba ya fi” aka yi wa wayo. Batsa ƙwan roba ce: an zaɓo jiki, an gyara haske, an yanke duk abin da ke na ɗan Adam, an bar zallar abin da ke jan ido.

A nan sai a yi hattara da wani hoto da ke yawo a Facebook, wai ga ƙwaƙwalwar mai kallon batsa ta ruɓe. Binciken da aka fi jingina wannan magana da shi na 2014 ne a Jamus, na Simone Kühn da Jürgen Gallinat, a kan maza 64. Sun ga cewa waɗanda suka fi yawan awannin kallo suna da ɗan ƙarancin girma a wani sashe mai alaƙa da lada. Amma su da kansu sun ce binciken bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Zai yiwu kallon ne ya rage sashen, zai kuma yiwu masu ƙaramin sashen ne tun asali suka fi neman abu mai ƙarfi. Ba su yi maganar ruɓewa ba.

Abin da masana da yawa suka yarda da shi shi ne sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke aikin birki da auna sakamako, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sha'awa kuwa tana farkawa tun shekara 12 ko 13. Mota ce mai sabon inji da birkin da ba a gama ɗaurawa ba, sannan aka miƙa wa direban waya.

“Kawu, don Allah kada Baba ya ji”

Wani ɗan maƙwabtanmu, ya gama difloma shekara biyu ke nan babu aiki, ya tare ni bayan sallar isha'i a ƙofar gida. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu kafin ya ce, “Kawu, ina da wata matsala, amma don Allah kada Baba ya ji.” Da ya gama kewaye-kewayensa ya faɗa, ban tambaye shi me yake kallo ba. Na tambaye shi yaushe. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce yawanci ranar da ya fita neman aiki ya dawo hannu rabbana, ko ranar da mahaifinsa ya yi masa gorin zaman banza a gaban ƙannensa. “Wallahi Kawu ba daɗi nake ji ba. So nake kaina ya yi shiru in samu barci.”

Wannan amsa tasa ita ce abin da masu ba da shawara a wannan fanni suka fi ji. Ga mutane da yawa ba sha'awa ce ke fara kai hannu ga waya ba. Kaɗaici ne, ko zaman banza, ko baƙin ciki, ko fargabar gobe. Kallon yana kashe wannan raɗaɗi na minti kaɗan, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa ga magani. Shi ya sa shawarar mai shagon nan ta a yi masa aure take da rauni. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya shawarci matasa da aure, wanda bai samu iko ba ya yi azumi, kuma tsadar lefe da kuɗin haya a Kaduna sun tura auren samari da yawa har bayan shekara 30. Aure yana maganin sha'awa. Amma mutumin da ya koyi gudu daga damuwa ta hanyar waya, da wayar zai shiga ɗakin amarya, damuwar kuwa ƙaruwa za ta yi da kuɗin cefane.

Bayan kallon sai nadama, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Joshua Grubbs da abokan aikinsa a Amurka sun gano cewa masu riƙo da addini sun fi saurin kiran kansu waɗanda jaraba ta kama, ko da kuwa kallon nasu bai kai na wasu yawa ba. Tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya yi imani da shi da abin da hannunsa ke yi ita kanta ciwo ce. Wasu sun ɗauki wannan sakamako suna cewa to addinin ne matsalar, a daina jin laifi kowa ya huta. Ban yarda ba. Nadama ita ce ke sa mutum ya nemi gyara. Abin da ke kashe mutum shi ne nadamar ta rikiɗe ta zama ƙyamar kai: ni munafuki ne, sallata ba ta karɓuwa, na riga na lalace. Wanda ya kai nan ya samu sabon baƙin ciki, kuma mun riga mun san inda yake kai baƙin cikinsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alan Marlatt, ya bayyana yadda mai ƙoƙarin barin wani sabo, idan ya zame sau ɗaya, yakan ce tunda na ɓata bari in ƙarasa, sai zamewar dare ɗaya ta zama ta sati guda. Aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, ta toshe daidai wannan rami.

Akwai kuma gwajin Daniel Wegner na 1987. Ya ce wa mutane kada su tuna wata farar dabba na minti 5, duk wanda ta faɗo masa a rai ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, kuma da aka sake su, sun fi waɗanda ba a hana ba yawan tunaninta. Wanda ya kwanta yana ta nanata “ba zan kalla ba, ba zan kalla ba,” tunanin abin yake yi har gari ya waye.

Malamin da ba wanda ya ɗauka aiki

Idan aka tambaye ni illar da ta fi tayar mini da hankali, ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. Ta darasi ce. A gidajenmu ba a maganar jima'i da yaro, makarantar boko tana tsallakewa, a Islamiyya a karanta babin wanka da tsarki a wuce. Yaron da ba wanda ya gaya masa komai, abin da ya fara gani shi ne littafinsa.

A Janairun 2023 ofishin Kwamishinar Yara ta Ingila ya fitar da rahoto cewa matsakaicin shekarun da yara ke fara ganin batsa a can 13 ne, kashi 27 cikin 100 sun gani tun suna da shekara 11, kuma wurin da aka fi gani shi ne Twitter, wadda yanzu ake kira X, ba shafukan batsa ba. Wani rahoton na Amurka a shekarar ya nuna fiye da rabin matasan da aka tambaya sun taɓa cin karo da ita ba tare da sun nema ba. Alƙaluman can ne, amma wayar da ke hannun yaro a Rigasa ko Unguwar Rimi manhajojin nan ne dai a cikinta, kuma sau da yawa wayar uwa ce da aka ba shi ya yi wasa.

Me littafin ke koyarwa? A 2010 Ana Bridges da abokan aikinta sun nazarci fitowa 304 daga fina-finan batsa da suka fi kasuwa, suka samu kashi 88 cikin 100 akwai wani nau'in cin zarafi na jiki, kamar mari ko shaƙewa, galibi a kan mace, kuma ana nuna ta kamar ba ta damu ba ko tana so. Yaron da ya sha wannan yana koyon cewa “a'a” ɗin mace wasa ne.

Shin hakan na kai wa ga fyaɗe? A nan masana sun rabu. Paul Wright da abokansa sun haɗa bincike 22 daga ƙasashe 7 a 2016, suka ga alaƙa tsakanin kallon batsa da cin zarafi ta hanyar jima'i. Christopher Ferguson da Richard Hartley sun sake tattara nasu a 2020 suka ce hujjar ba ta da ƙarfi, musamman ga batsar da babu duka a ciki. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na Neil Malamuth: haɗarin ya fi taruwa ga namijin da dama yana da ƙiyayyar mata a zuciya kuma yana ɗaukar jima'i abin farauta. Ga irin wannan, batsa fetur ce a kan garwashi. Jihar Kaduna ta tsananta hukunci a Satumban 2020, har da dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, akwai kuma cibiyoyin Salama da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu. Duk waɗannan bayan ɓarna suke zuwa.

A ɗakin aure

A 1988 Dolf Zillmann da Jennings Bryant sun sa mutane kallon batsa awa ɗaya a mako har mako 6. A ƙarshe gamsuwarsu da surar abokan zamansu da mu'amalarsu ta ragu, maza da mata. Ba kowane tsohon gwaji ne ya tsaya da ƙafarsa ba: wani sananne na 1989, mai cewa hotunan tsiraici suna rage wa miji son matarsa, an maimaita shi a 2017 ba a samu sakamakon ba. Amma da Wright ya haɗa bincike 50 a 2017, masu ɗauke da mutum fiye da 50,000, ya ga cewa a tsakanin maza yawan kallo yana tafiya tare da ƙarancin gamsuwa da aure da kwanciya. Samuel Perry kuma ya bi ma'aurata a Amurka na wasu shekaru, ya ga waɗanda suka fara kallo a tsakanin sun kusa ninka sauran a yiwuwar rabuwa. Ko a nan kibiya tana iya tafiya ta kowane ɓangare, domin auren da ya yi tsami ma yana tura mutum ga waya.

Abin da alƙaluma ba sa nunawa shi ne matar da ta farka cikin dare ta ga hasken waya a ƙarƙashin bargo. Mafi yawa kanta take fara tuhuma. Sai ta shiga sayen kayan mata da man shafawa, tana gasa da abin da ba mutum ba. Shi kuma maigidan yana can yana auna kansa da ɗan wasan da aka zaɓo cikin dubu, aka ba shi magani, aka ɗauki fim ɗin a yanke-yanke aka haɗa. Wani bincike na 2005 a kan ma'aurata 500 daga ƙasashe 5, da agogo a hannu, ya samu matsakaicin lokacin saduwa minti 5 ne da 'yan daƙiƙu. Maza nawa ne lafiyayyu a garin nan suka yanke wa kansu hukuncin saurin kawowa saboda sun ɗauki fim a matsayin ma'auni? Su ne kasuwar masu lasifika a tashar Kawo da bakin kasuwanni, masu haɗa basir da sanyi da ƙarfin maza a kwalba ɗaya. NAFDAC ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan magunguna marasa rajista.

Batun cewa kallon batsa yana kashe gaba kuwa, hujjar a gauraye take. Wani bincike na 2015 a ƙasashen Turai 3 bai samu alaƙa mai ƙarfi ba tsakanin kallo kawai da raunin gaba. An fi samun koken a wajen waɗanda abin ya zame musu matsala, kuma fargaba da jin laifi suna da hannu a ciki. Zancen cewa yana makantar da ido, ko yana ƙarar da maniyyi har mutum ya kasa haihuwa, ba shi da tushe a likitance. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma yaron da aka tsorata da makanta, ya shekara uku yana gani garau, zai jefar da gargaɗin gaba ɗaya har da na gaskiyar.

To, toshewar fa?

Tana da amfani ga yaro ɗan shekara 10 da zai faɗa ciki bisa kuskure. Ga mai nema da gangan, mai Keken nan ya fi kusa da gaskiya. Indiya ta ba da umarnin toshe shafuka 857 a 2015, ta sassauta cikin 'yan kwanaki. Birtaniya ta fara tilasta tantance shekarun masu shiga shafukan batsa a ranar 25 ga Yulin 2025, nan take manhajojin VPN, masu ɓoye ƙasar da mutum yake, suka hau saman jerin waɗanda aka fi saukewa. Mu kuma a nan ana zaton wuta a maƙera ne alhali tana masaƙa: abin yana yawo ta WhatsApp da Telegram da X da Xender, inda toshe shafi ba ya kaiwa.

Wani ɓangaren da doka ta riga ta yi magana a kai shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta mallaka ko yaɗa hoton batsa na yara. Duk wanda aka turo masa bidiyon tsiraicin wata yarinya a zaure ya tura gaba, ko da da sunan “ku ga abin da duniya ta zama,” ya shiga cikin laifin. Sannan a Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraicinsu sannan a yi musu barazanar tona asiri sai sun biya. Wanda ya saba da kallo ya fi sauƙin faɗawa wannan tarko.

Abin da ke taimakawa

A Jami'ar Jihar Utah, Jesse Crosby da Michael Twohig sun gwada wata hanya a 2016 da maza 28, kusan dukkansu masu riƙo da addini. Zama 12 aka yi da kowannensu ana koya masa ya bar kwaɗayin ya taso ya faɗa ba tare da ya bi shi ko ya yi kokawa da shi ba, ya kuma mayar da hankali ga irin mutumin da yake son zama. Kallon ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Mutanen kaɗan ne, amma darasin ya yi daidai da duk abin da ya gabata: kwaɗayi yana tashi ya kai ƙololuwa ya sauka, idan ba a ciyar da shi ba. Wanda abin ya kai shi ga rashin barci, ko sakaci da aiki, ko tunanin kashe kansa, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ABU, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Iyaye kuma, wanda ya ga abu a wayar ɗansa ya fara da bulala, ya koya masa goge tarihin bincike ne kawai.

Ɗan maƙwabcin nan nawa ban yi masa wa'azi ba, ya fi ni haddar ayoyin. Mun yi yarjejeniya ne cewa wayarsa za ta riƙa kwana a shagon mai caji na bakin layi daga ƙarfe goma, ya karɓa bayan asuba, kuma ranar da ya dawo daga neman aiki ransa a ɓace ya zo mu zauna a dakali kafin ya shiga ɗaki. Wani abokina mai gyaran janareta ya ɗauke shi yana koya masa aiki, yanzu yana dawowa hannunsa duk baƙin mai, a gajiye. Bayan kamar wata biyu ya same ni ya ce ya zame sau biyu, duka a daren da ya ce wa kansa yana jiran wani kira ya hana mai caji wayar. Na tambaye shi me ya yi washegari. Ya ce, “Na mayar masa da ita, Kawu. Har ya tambaye ni ko batirin ne ya lalace.”